Wannan Ba Kayan 'Yan Gwangwan Ba Ne

Na ji ka, sarkin masu musu. Wai don me Turawa za su ware ɗaki guda a gidan tarihi, har da mai gadi, saboda wata tsohuwar talabijin da ko tasha ɗaya ba ta kamawa? Wani ma cewa ya yi da a unguwarsu take, da tuni 'yan gwangwan sun ɗora ta a sikeli.

To, matso kusa, Alhaji. Wannan mai koren haske ba talabijin ba ce, fuskar kwamfuta ce, sunanta Tektronix 4010, ta farkon shekarun 1970, daga Beaverton a jihar Oregon ta Amurka. A zamaninta ma'ajiyar kwamfuta ta fi zinare tsada, sai injiniyoyi suka yi dabara: gilashin kansa ne ke riƙe zanen. Haske ya ja layi, layin ya zauna daram. Amma fa in ka yi kuskuren harafi ɗaya, babu gogewa. Sai ka danna maɓalli, fuskar duka ta yi walƙiya, komai ya tafi, ka faro daga bisimilla. Duk wanda ya taɓa wanke allo a makarantar malam ya san wannan baƙin cikin. Kai da ke goge saƙon WhatsApp sau uku kafin ka tura, da ka daɗe da yin zuciya.

Kuma ba ajiye irin waɗannan na'urori kawai ake yi ana kaɗe ƙura ba. A gidan tarihin kwamfuta na Mountain View da ke Kalifoniya, an tada wata kwamfuta, PDP-1, ƙirar 1959, mai fuska zagayayya kamar faifai. Tsofaffin injiniyoyi suka bi ta waya bayan waya har ta farfaɗo, yanzu ana kunna mata Spacewar!, wasan da Steve Russell da abokansa suka rubuta a 1962: jirage biyu suna harbin juna a gefen tauraro. Hoto ba zai nuna maka yadda ɗigon hasken ke dusashewa a hankali ba, sai ido ya gani.

Kai kuma mai Linux da ke ta murmushi a baya, buɗe xterm ɗinka ka leƙa. Har gobe yana jin yaren Tektronix 4014, ƙanwar waccan da aka ce a kai wa 'yan gwangwan. Wayarka ta bara fa, tana ina?