Masu Son Ɗaukar Gwaninsu a Ƙirji

Mai buga hoto a jikin riga ba shi da ƙungiya, ba shi da gwani. Da hantsi zai buga Messi, ya taya mai rigar cewa ba a taɓa haihuwar kamarsa ba. Da la'asar ya buga Ronaldo, ya maimaita maganar ba tare da ya sauya ko wasali ɗaya ba. Wanda ba zai iya wannan ba a Kano, gara ya koma sayar da katin waya. Kayan aikin ba su da yawa: kwamfuta mai CorelDRAW, firinta, injin danna zafi, 'yan firam-firam na raga jingine a bango duk fenti ya bushe a gefensu, janareto a bakin ƙofa. Sai benci. A kan bencin nan ainihin wahalar sana'ar take zama, ta harɗe ƙafa, ta zaro waya daga aljihu.

Wanda ya fi kowa sammako shi ne mai hoton da ya sha tafiya. Hoton jarumin fim ne da wani ya kwafo daga Facebook, ya jefa a WhatsApp, wani ya sake ɗaukarsa daga fuskar wayarsa har da alamar batir a sama, ya turo masa. A waya tas yake, domin fuskar waya ba ta wuce tafin hannu ba. Amma ƙirjin babban mutum yana cin faɗin inci 12, kuma masu bugu suna son ɗigo 300 a kowane inci, wato ɗigo 3,600 daga gefe zuwa gefe. Nasa bai kama ƙafar haka ba. Da an buɗa shi a kwamfuta sai fuskar jarumin ta wargaje kamar dambun da bai ji mai ba. Mai shago ya ce a nemo na asali, a turo shi a matsayin fayil don kada WhatsApp ya matse shi. Shi kuwa sai ya matso, ya rage murya: "Oga, ai kwamfuta ce. Ka ɗan gyara shi mana." Har ga Allah ya yi imani akwai wani maɓalli da ke fito da hancin da ba ya cikin hoto, rowa ce kawai ta hana a danna masa.

Bayansa sai malamin zane. Wannan bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, amma ba ya zama a benci. A bayan mai zane yake tsayawa, numfashinsa a ƙeyar bawan Allah. A ɗan matsa da shi hagu. A'a, ya yi yawa, a mayar. A ƙara ja. A sa zaki a baya. A sa wuta tana ci a ƙafar zakin. A sa tutar Najeriya, da kambin sarauta, da sunan unguwarsu, da lambar wayarsa, ko wani zai ga rigar ta burge shi. Fili kaɗan in ya rage fari, gani yake an cuce shi, tunda kuɗin riga guda ya biya. Bayan awa biyu sai ya ja da baya, ya karkata kai, ya ce na farkon nan ma ya fi kyau, yana ina? Ranar karɓa kuma akwai shari'a, domin shuɗin da ya gani a kwamfuta ba shi ne a rigar ba. Ba zai taɓa zama shi ba: allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, firinta kuwa da tawada, kuma akwai shuɗi da kore masu ƙyalli da tawada ba ta iya kaiwa gare su. An yi masa wannan bayani tun ranar farko. Ya ce ya gane.

'Yan ƙwallo su ne abincin shagon, su ne kuma hawan jininsa. Masoyin Ronaldo ba ya zuwa shi kaɗai, da ɗan rakiya yake tafe, wanda aikinsa shi ne ya ce "gaskiya ne" duk lokacin da aka ambaci yawan ƙwallaye. Yana son lamba 7 a baya, babba, yadda na kan babur a bayansa zai karanta tun daga nesa. Damuwarsa ɗaya ce: gwanin nasa ba ya zama wuri guda. An buga masa ja na Manchester United, bai gama more ta ba mutumin ya tattara ya koma Al-Nassr ta Saudiyya a farkon 2023, sai ga shi ya dawo da rigar a leda, wai a ɗan ɓamɓare tambarin a sa rawaya. Na Messi ma bai tsira ba. Ya sha lamba 10 a Barcelona, aka mayar da shi 30 a PSG cikin 2021, sannan a 2023 gwanin ya tafi Inter Miami, ƙungiyar da ke sa ruwan hoda. Akwai ƙattin da suka shekara suna cewa ruwan hoda launin 'yan mata ne, sai ga su a layi suna tambaya ko akwai babban sayis. Tun da aka ɗaga kofin duniya a Ƙatar a 2022, na Messi ya daina gardama da baki. Hoton kofin kawai yake so a buga masa, ya je gidan kallo ya zauna a gaban na Ronaldo, ya buɗe ƙirji.

Na Arsenal ɗan tarihi ne. Kakar 2003/2004 yake so, wadda aka buga wasa 38 na gasar Firimiya ba a doke su ko sau ɗaya ba, da Henry, da Kanu namu, da lamba 49 ɓaro-ɓaro don tuna jerin wasannin da suka yi ba faɗuwa. Sau da yawa za ka tarar a lokacin ko rarrafe bai fara ba.

Ni dai a cikinsu na fi ganin girman ɗan Pillars. Ba ya sauya launi, ba ya dawowa da riga a leda. Kore da rawaya, "Sai Masu Gida" a ƙirji, taurari huɗu na kofunan 2008, 2012, 2013 da 2014, in da hali a sa Rabi'u Ali ko Ahmed Musa a baya. Ya biya, ya sa, ya nufi filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata. Aibinsa guda: duk wanda ya tarar a benci da hoton Bature sai ya yi masa wa'azin kishin gida, kuma wa'azin ba ya ƙarewa sai an kira salla.

Sai shugaban ƙungiyar masoya. Wannan da babbar riga yake shigowa, da sakatare riƙe da fayil. Ƙungiyar masoyan wani jarumin Kannywood ce, ko ta wani mawaƙi, reshen unguwa, kuma za su kai wa gwanin nasu ziyarar ban girma. Riga ɗari yake so. Mai shago ya yi murna, ya yi masa farashin ɗari, domin a bugun raga kowane launi da firam ɗinsa: a shafa wa ragar magani, a ɗora zanen, a haska, a wanke, sannan a fara jan fenti da roba riga bayan riga. Wahalar duk a shirya firam take, shi ya sa in riguna sun yi yawa kuɗin kowace ɗaya yake sauka. An gama shirya firam huɗu sai sakatare ya bugo waya: 'yan ƙungiya ba su gama kawo kuɗi ba, a fara da sha biyu, amma a farashin nan dai na ɗari. Zanen kansa abin kallo ne. A zaman farko jarumin ne a tsakiya, shugaba a ɗan lungu. Kullum aka zo duba aiki sai shugaba ya ɗan ƙara girma, jarumin ya ɗan matsa gefe, har ranar bugu ka rasa wa ke son wa. Ƙarƙashin hoton kuma a rubuta muƙaminsa cikakke, kada a manta da "na ƙasa baki ɗaya".

Mai neman araha da rigarsa yake zuwa, baƙa, ta auduga, daga dilar gwanjo a Ƙofar Wambai, an taɓa buga sunan wata makarantar Amurka a jikinta. Ya ji labarin bugun da ba ya goguwa, wanda masu sana'ar ke kira sabilimeshan, shi yake so. A gaya masa wancan tawadarsa tururi take zama a zafin da ya kusa digiri 200 ta shige cikin zaren, kuma zaren roba kaɗai take kamawa, a kan fari ko launi mai haske, tunda babu farar tawada a cikinsa. Baƙar auduga sai dai DTF, wanda ake bugawa a leda, a barbaɗa masa garin gam, a manna da zafi. Ya ce to a yi wanda ya fi sauƙi. An yi. An ja masa kunne: a juya rigar kafin wanki, ban da ruwan zafi, ban da bilic, kada dutsen guga ya taɓa hoton. Sati bai cika ba ya dawo, rabin fuskar gwaninsa a hannunsa, ɗaya rabin na can manne a gindin dutsen gugar gawayi na mai wankin unguwarsu. Bai zo neman bayani ba. Kuɗinsa ya zo karɓa, har da na rigar, wadda yanzu ya tuna cewa daga Dubai aka kawo masa ita.

Akwai wanda sai an gama bugu tsaf tsoron Allah yake kama shi. Ya ɗaga rigar, ya yaba, sannan ya yi shiru. "Malam, ya hukuncin salla da ita?" Mai shago, wanda fenti ya karanta ba fiƙihu ba, ya ce a tambayi malamai. Nan take benci ya rabu biyu, kowa da abin da ya ji a wajen karatu. Daga ƙarshe a yi sulhu irin na samari: zai riƙa juya ta ciki ya koma waje in zai shiga masallaci. Shi ya sa wani lokaci za ka ga matashi a sahu da ɗinki a waje da lamba 7 a juye tana leƙowa ta cikin yadi.

Hajiya kuwa ba ta san ko wane ne za a buga ba, kuma ba ta damu ta sani ba. Ɗan autanta ne ya hana gidan barci. "Ɗan nan, wai wani mai rawayan gashi, da ƙyalle a goshi, kamar an yi masa zane a kumatu." Yaron shago ya ce Naruto ne, Hajiya. Ta ce ko ma wane ne, a yi shi, amma a ƙara sayis biyu don ya kai masa baɗi. Ba ta taya ciniki fiye da sau ɗaya, kuma ita kaɗai ce a duk bencin take tambayar ko mai shago ya ci abinci.

Wanda nake tausayi shi ne mai zane na gaskiya. Yaro ne shiru-shiru, yawanci ɗalibi, da littafin zane a jaka. Ya kwana uku yana fitar da fuskar mawaƙin da yake so da biro, gashin gemu ɗaya bayan ɗaya, ko ya zana ɗan wasan Turai ya naɗa masa rawani ya ɗora shi a kan doki da kayan hawan salla. Shi kaɗai ne ya zo da abin da babu shi a wayar kowa. Riga ɗaya tak yake so, tasa. Zai tsaya a kan aikin, ya roƙi a bar masa ɗan sa hannunsa a ƙasan zanen, a bar fili fari a inda ya bar shi. Ya sa ta ranar Juma'a, abokai su ɗauki hoto, a sa a Instagram. Kafin wata ya zagayo zanen nasa na rataye a shago uku, an goge sa hannun, wani ya ƙara masa zaki. In ya je ya yi magana, a tambaye shi: shi da ya zana fuskar mawaƙin, izinin wa ya nema? Da tambarin ƙungiyar da ya sa a kusurwa, nasa ne? Sai ya rasa amsa, domin gaskiya kasuwar gaba ɗaya a kan aron fuskar mutane take tsaye. Amma duk da haka ba daidai ba ne. Wanda ya ari fuska ya zuba mata kwana uku na idonsa daban, wanda ya danna "kwafa" daban. Yanzu ma ga sabon abokin hamayya ya samu: mai zuwa da hoton da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta haɗa masa cikin minti ɗaya, gwaninsa sanye da sulke yana ɗaga kofi, kyakkyawa ƙwarai, sai an buga a riga a lura hannun da ke riƙe da kofin yatsa shida gare shi.

Na ƙarshen shigowa, dab da magariba, lokacin da benci ya watse, shi ne masoyi. Ba ɗan ƙwallo ya kawo ba. Fostar wani fim ɗin Shah Rukh Khan ce, a cire kan jarumin a sa nasa, a cire na jarumar a sa na wata da ya ajiye hotonta a can ƙasan waya. Riga biyu, tasa da tata, da zuciya a tsakiya, da harafin farko na sunayensu. Yana biyan kafin alƙalami ba gardama, ya ce ranar zagayowar haihuwarta yake so, kada a makara. Ba a makara ba. Shi ne dai bai dawo ba. An kira, ya ce yana tafe. An sake kira, ya ce a ɗan dakata, akwai 'yar matsala a gidansu yarinyar. Daga nan layin ya daina shiga.

Irin waɗannan rigunan a kwali ake tara su ƙarƙashin tebur, tare da na Ronaldo masu tsohon tambari da ragowar na shugaban masoya, kuma yaron shago ne ke cin gadonsu. Litinin ɗan Barcelona ne, Talata ɗan Madrid, Laraba mataimakin shugaba na ƙasa baki ɗaya. Ranar da ya kuskura ya sa ta masoyin aka aike shi sayen fetur, bai kai gidan mai ba wani ƙato ya tare shi a bakin titi, ya kama wuyan rigar, ya ce ya yi masa bayanin abin da hoton matar yayansa yake yi a ƙirjinsa.