Zuwa Ga Bawana Bazazzagi, Mai Firam Ɗin Maganaɗisu

Bawana Bazazzagi, ina fatan tukunyar fate ba ta kama ba. Saƙonka ya iso gidan ubangidanka a Kano ranar suna, kuma a gaban shaidu aka buɗe shi. Masu zuciya sun kawo turmin atamfa, wasu sabulu, wasu ambulan mai nauyi. Da aka zo kan naka, sai ga kwalin taliya an yanke shi kusurwa huɗu, an lulluɓe da ƙyallen shadda, an manna masa maganaɗisu a baya, wai firam ɗin hoto ne na liƙawa a jikin firji. Har da 'yar wasiƙa, wai kyautar da hannu ya yi ta fi ta kasuwa daraja. Mu Kanawa mun gane rowa ko da ta sa babbar riga.

Hoton da ke ciki shi ya kashe mata da dariya. Ana sunan jariri, kai kuma ka saka hotonka, ka karkace hula, ka soke biro uku a aljihu don a san daga garin ilimi ka fito. Duk da haka muka yi maka kara, muka ɗora shi a ƙofar firji. Ya tsaya na ɗan lokaci, sannan ya fara sulalewa a hankali har ya dire ƙasa, gilashin ya tsage daidai kan hancinka.

Da na juya bayansa na ga inda ka yi aika-aikar. Maganaɗisun daga robar bakin ƙofar tsohon firji ka zaro shi. Wannan siririn, garin maganaɗisu ne aka cuɗa da roba, ƙarfinsa kaɗan ne, kuma gefe ɗaya ya fi kamawa. Kai ka shafa gam a gefen mai kamawar, ka kuma rufe shi da shadda ninki biyu don kada a ga asirinka. Ƙarfin maganaɗisu kuwa raguwa yake da sauri da zarar wani abu ya shiga tsakaninsa da ƙarfe. Sannan ka ɗora masa gilashin taga. Wa zai ɗauki wannan kaya?

Abin kunya ne ga garin da ɗalibansa suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Can su Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka koyi aiki. Can ne maɗinka suke zuba aska takwas a wuyan riga har sarki ya sa. A ce duk wannan gado, kai layi madaidaici ya gagare ka da almakashi!

To, tattara hankalinka ubangida ya koya maka. Nemi kwali mai ƙwari, ka yanke biyu da reza da rula, kowanne ya ɗan fi hoto mai inci 4 da 6 girma. Ka huda taga a na gaban. Maimakon gilashi, sa leda mai kauri wadda ake gani ta cikinta. Ka manne gefe uku, ka bar na sama a buɗe don a riƙa canza hoto yayin da yaro yake girma. Idan kana son ado, shigo kasuwar Kurmi, dukawa za su sayar maka da guntayen jar fata. Na ce sayarwa, kada ka zo da dogon Turanci. A baya ka manna maganaɗisu a kowace kusurwa, a fili, ba mayafi. Ƙananan nan masu sheƙi, irin na niyodimiyam da aka ƙirƙiro a farkon shekarun 1980, sun fi kowanne riƙo. Amma ka manne su da gaske, domin idan yaro ya haɗiye biyu suna iya matse hanjinsa, sai an kai ga tiyata. Kafin ka aika, gwada shi a jikin ƙarfe. Ba ya kama alminiyam, ba ya kama katako, don haka kada ka je kana dannawa a ƙofar ɗakinka kana zagin mai shago.

Gaskiya ɗaya zan ba ka, ita ma aro: dabarar tana da kyau. Mai gidan haya ba zai yi faɗan an huda masa bango da ƙusa ba, kuma hotunan da suka maƙale a waya za su fito inda kaka za ta gan su. Na tabbata a wurin wani Bakano ka sato ta.

Ga hukunci. Ka sake wani, ka sa hoton jaririn, ka haɗo da turmin atamfar da ka guje wa. Idan watan Cika-ciki ya kama kuma, ka kawo kuɗin shara da ƙafarka, na bana da na bara.