Masu Giɓi, Ku Matso Kusa

Na san ku, mutanen Wudil. Ranar Juma'a a kara ba kwa sayen sa sai kun ɗaga leɓensa kun duba haƙora, amma naku bakin ya shekara da giɓi kuna cewa ai guda ɗaya ne, ba kome. To Alhaji, in ba kome, me ya sa tsire yake bin kunci ɗaya? Me ya sa in dariya ta kama ka sai hannu ya riga ta zuwa baki?

Giɓi ba ya zama lafiya da maƙwabta. Haƙoran gefe sukan karkato cikinsa sannu a hankali, na sama ya zazzago tunda babu mai tare shi, abinci ya samu maɓoya, ruɓa ta biyo baya.

Aikin cike giɓi da likitoci ke kira gada ba tsafi ba ne. A yi maka allurar kashe zafi, a fiƙe haƙora biyun da ke gefen giɓin, a ɗauki awon bakinka, a ƙera uku a haɗe: biyu su rufe waɗanda aka fiƙe, na tsakiya ya cike gurbi. Sai a manne su da siminti na musamman. Ba irin haƙorin roba ba ne da ake kwana da shi a kofi, jikoki su tsinta da safe su cika gida da ihu.

"A fiƙe lafiyayyen haƙori?" Wannan ƙorafin da gaskiyarka, domin abin da aka fiƙe ba ya tsirowa. Dashen ƙarfe a ƙashin muƙamuƙi ya kauce wa hakan, sai dai aljihu zai ji a jikinsa. Ni dai mamakina, mai wannan tambayar, haƙorin Makka ne ke ƙyalli a bakinsa.

Kullum kuna tsallaka gadar Wudil, kun san ƙafafunta ke riƙe da ita. Haka nan in haƙoran gefe na girgiɗi ko dasashi na jini, likitan kirki zai ce a fara gyara su. In an sa gadar haƙorin kuma, asuwaki ba ya shiga ƙarƙashinta, sai da zaren sakace kullum. Mai yin haka takan kai masa shekara 10 ko fiye. Mai buɗe kwalbar lemo da haƙori, kada ya zo mana da kuka.

Kano ba nisa, kuma akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Je ka a duba ka tukuna, Alhaji, sannan ka dawo mu ci gaba da musun.