Mazhabobin Masu Shawara Ga Mai Neman Ɗaki A Yamai

Babu wata mas'ala da ke tara wa saurayi malamai a birnin Yamai kamar ya buɗe baki ya ce yana nufin canja unguwa. Da rancen jika goma ya nema, da sai majalisa ta watse, kowa ya tuna da wani uzuri. Amma da zarar an ji cewa ya gama karatu a Jami'ar Abdu Mumuni, Allah ya buɗe masa ƙofar aiki a wani buro a Filato, yana kuma shawarar barin ɗakin da suke rabawa su huɗu a Harobanda ya ƙetaro kogi, nan take sai ya tarar ashe garin cike yake da muftai, kowanne da mazhabarsa, kowanne kuma yana ganin saɓa wa fatawarsa halaka ce. Alhali tambayar yaron biyu ce tak: ina zai kwana hankalinsa kwance, kuma yaya zai isa aiki kafin ƙarfe takwas ba tare da albashinsa ya ƙare a hannun masu taksi ba.

Ba na ganin laifin mutanen ƙwarai, domin garin ya girma fiye da sanin mazaunansa. Wurin da Turawan Faransa suka mai da hedikwata a 1926 bayan sun ɗauke ta daga Damagaram, yana ƴan ƙauyuka a bakin kogi, ƙidayar 2012 ta same shi ya haura mutum miliyan ɗaya, tun daga nan kuma bai daina cin gonakin gero ba. Saboda haka mutum yakan san unguwarsu da hanyar kasuwarsa, sauran garin kuwa sai ya cike da zato, ya kira shi ilmi.

Shugaban waɗannan malamai shi ne dillali. Yakan zo a kan tsohon moto, da wayoyi biyu da ƙullin makullai, ya kira yaron da bai karɓi albashin farko ba da sunan "patoro", ya karɓi kuɗin kai shi ganin gida tun kafin a tashi. A ilmin ƙasa irin nasa, kowane ɗaki a Yamai minti biyar ne daga kwalta, ko da kuwa a ƙarshen Kwara Tagi yake inda yashi ke kama tayar moto. Ba ƙarya ya yi ba, bai dai faɗi irin dabbar da za ta yi gudun ba ne. Idan ka tambaye shi tsaro sai ya ce wani jandarma yana zaune a bayan layin, kuma na lura duk gidan da dillali ya taɓa nunawa akwai jandarma a bayan layinsa, har mutum ya yi mamakin wanda ya rage a bariki. Babbar hikimarsa ita ce ya fi ƙwazo da rani. A watan Maris zai kai ka wani gida a kwari, tsakar gida fes, an share an yayyafa ruwa, ya ce ka dubi sabon fentin da mai gida ya yi don girmama ka. To, ɗan'uwa, ka dube shi da kyau. In ka ga fentin ya tsaya daidai ƙugu, ƙasan bango ya fi samansa haske, ƙasan ƙofar ƙarfe kuma ya ci tsatsa har kana hango ƙafafun masu wucewa, ka sani akwai wani ɗan haya da ya riga ka, yakan zo duk Agusta, ba ya biyan ko dala. Mutanen Lamorde da Kirkisoy da Karaje da Saga sun san shi: a Satumbar 2020 kogi ya kai kimanin mita 7 a ma'aunin Yamai, ya ɓalle madatsa, ya kwana a ɗakunansu, kamar yadda ya taɓa yi a 2012. Dillali ya san wannan tarihi sarai, sai dai a mazhabarsa ambatonsa makaruhi ne kafin a biya kuɗin wata uku.

Daga shi sai gwaggo mai ruwaya. Ita ba ta taɓa taka unguwar da ake magana a kanta ba, amma tana da labarinta da isnadi cikakke: ta ji daga maƙwabciyarta, ita kuma daga kishiyar ƙanwarta, ita kuma daga wata mai kitso, cewa an tare wani da wuƙa a can. Yaushe? Ba da jimawa ba. In aka bi diddigi sai a tarar zamanin Janar Seyni Kunce ne. Tun da WhatsApp ya shigo hannunta kuwa isnadin ya gajarta, ruwayar ta yawaita, har ta kai takan tura wa yaro muryar wani da ke ba da labarin abin da ya auku a wata ƙasa, ta ce a Talaje ne. "Ɗan nan," in ji ta, "Bukoki dai a'a, Lazare a'a, kusa da dajin dogon yaron nan kuwa ko a mafarki." Dajin da take nufi shi ne zoben itatuwan da aka soma dasawa a 1965 don ya tsare gari daga iska da ƙura, kuma a nan kam ruwayarta ta inganta, don babu mai hankalin da zai ratsa shi shi kaɗai bayan magariba. Amma in ka tara duk unguwannin da ta haramta ka cire daga taswirar gari, abin da zai rage shi ne ɗakin da ke zaurenta, inda za ta riƙa ganin shigarsa da fitarsa, ta kuma samu mai kai ta kasuwar Habu Bene ranar Asabar.

Kishiyar mazhabarta ita ce ta ɗan asalin unguwa, wanda aka binne cibiyarsa a nan, yake kuma jin an zagi kakansa in an ce an taɓa ɗauke ko bokiti a layinsu. Zai rantse maka cewa su ƙofa a buɗe suke kwana, in kuma an yi sata to baƙi ne daga wata unguwa. Ka je waccan unguwar, za ka sami takwaransa yana nuno wannan. Na tabbata da za a bi shaidarsu duka, da an yanke hukuncin cewa ɓarayin Yamai ba su da mazauni, a kan hanya suke rayuwa. Yana cikin wannan bayani za ka ga yana tura motonsa har cikin ɗakin kwana, ya ɗaure shi da sarƙa a ƙafar gado.

Akwai kuma mai lissafi, wanda na fi girmamawa ko da yake zama da shi akwai gajiya. Shi ba ya tambayar ɓarawo. Biro yake zarowa. Yakan ce ɓarawo sau ɗaya yake zuwa, in ma ya zo, amma taksi kullum ne, safe da yamma. Zai tuna maka cewa a shekarun da kurus ɗin taksi yake dala arba'in, mai zama a gefen gari kurus biyu yake biya zuwa, biyu dawowa, wato sefa 800 a yini, wanda a kwanakin aiki 22 ya kama 17,600, kuɗin kuwa ba ragewa ya yi ba tun daga lokacin. Saboda haka ɗakin da ya fi araha da jika goma a Banifandu ko hanyar filin jirgi yana iya fin na Yantala tsada in an haɗa da hanya. Zai lissafa maka kuɗin garuwa a inda famfo ba ya kawo ruwa sai tsakar dare, da kuɗin sabulun wanke farar riga daga jar ƙura, da mintocin da ke mutuwa a bakin gadar Kenedi. Wannan gada tun 1970 ita kaɗai ce ke ɗaukar gari zuwa ƙetare, har aka buɗe ta Sinawa a 2011, sannan ta Janar Seyni Kunce wajen Gudel a 2021. Duk da haka ita ce ta fi kusa da jami'a da ofisoshi, kuma a kanta mota da moto da amalanke da garken shanu suke da haƙƙi ɗaya, ban da ranar da ɗalibai suka tashi da fushi, wadda a cikinta babu mai haƙƙi sai su. Duk maganarsa gaskiya ce. Aibinsa ɗaya: shekararsa ta kai arba'in, har yanzu yana gidan mahaifinsa, domin lissafin bai taɓa fitowa daidai ba.

Direban taksi mai jan kai shi ne alƙali a wannan fage, kuma alƙali ne da ba ya bayyana hujjarsa. Kana tsaye a rana zai rage gudu, ka sunkuya ta taga ka ambaci unguwarka. In ya ɗan gyaɗa kai, ka shiga. In ya taka mota ya wuce ba tare da ya dube ka ba, an yanke hukunci, babu ɗaukaka ƙara. Wanda ke son ya san matsayin unguwa na haƙiƙa ya tsaya bakin Babbar Kasuwa bayan sallar isha ya riƙa kiran sunanta: in taksi bakwai suka wuce, na takwas ya ce kurus uku, ya ishe shi fatawa. Wajibi ne kuma ka sanar da shi kafin ka zauna in jika guda ce a hannunka, domin rashin canji a wurinsa ya fi rashin ladabi muni. Almajiransa su ne masu ƙananan motocin bas na faba-faba, waɗanda yaron mota ke rataye a ƙofarsu yana kiran saura mutum ɗaya, wannan mutum ɗaya kuwa ana jiransa tun da aka ƙera motar. Da tsofaffin motocin Lazare-Lazare da Talaje-Talaje, waɗanda ƙofarsu ba ta buɗuwa sai daga waje, kuma ta hannun direba kaɗai.

Ganin haka sai mai moto ya matso ya ce, "Abokina, sayi moto ka huta." Hular kwanonsa tana rataye a gwiwar hannu, wai gwiwar ce ke da buƙata, sai ya hango ɗan sanda a randabawul sannan ta koma kai. Yana da tabo a ƙwauri da wani a haɓa, kowanne da laifin wani. Ba zai gaya maka cewa daga ranar da ka saya ka rabu da barci mai nauyi ba.

Ƴan fada su ne na fi daɗewa ina tunani a kansu, domin a nan tsoro da aminci suka haɗu a benci ɗaya. Samari ne da ke zama a ƙofar gida da daddare, da ƙaramar butar shayi a kan gawayi, da karta, da rediyo, har ƙarfe biyu ko uku. Gwaggo tana kiransu zauna-gari-banza, kuma baƙo yakan tsorata ranar farko in ya ga idanu goma sun bi shi har ya shige. Amma layin da ke da fada da wuya a haura katangarsa, musamman a daren da aka ɗauke wuta, abin da mutanen gari suka ɗanɗana sosai bayan Najeriya ta katse layinta a Agustan 2023. Ladansu ba kuɗi ba ne kamar na ƴan banga masu busa usur suna bi gida-gida ƙarshen wata. Ladansu sallama ce, da sukari jefi-jefi, da kuma sirrinka gaba ɗaya. Cikin mako guda sun san wurin aikinka, da ranar da ake biyanku, da sunan wadda kake rakawa bakin titi. Wanda ya wuce su ba sallama, wayarsa a kunne, ranar da masu moto suka fizge ta za su ba shi cikakken bayanin launin moton da inda ya nufa, daga zaune.

Mai gida kuwa tambayarsa ta farko ita ce, "Kana da iyali?" Gwauro a wurinsa abin shubuha ne har sai an tabbatar da akasin haka, budurwa mai aikin ofis da ke neman ɗaki ita kaɗai kuma sai ta zo da kawu ko wa da zai tsaya mata, ko da ita ce ke ciyar da kawun. Ƙofa ana rufe ta ƙarfe goma. Wannan shi ne tsaron, kuma yana aiki a kan ɗan haya fiye da ɓarawo. Ranar da takardar wuta ta zo, a gidan da kwantar wuta ɗaya ce, sai Alhaji ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya sa tabarau, a shiga rabon gado: ƙwai nawa ke ɗakinka, fanka nawa, wa aka ji yana guga da asuba, firjin wance rabo biyu ne ko uku. Na ga an warware rabon dukiyar attajiri da ƴaƴa ashirin cikin sauƙin da ya fi wannan.

Mai tawakkali ba ya ɗaukar lokaci. Ya ce ko'ina Allah ne ke tsarewa, ya yi gaskiya, sa'an nan ya shiga motarsa ya nufi Kwara Kano, mai gadi ya buɗe masa ƙofa.

Wanda ba a tambaya, kuma ba ya tsoma baki, shi ne mai shayin bakin layi, wanda ke hura wuta kafin kiran assalatu, ba ya kuma kwashe teburinsa sai dare ya raba. Shi ya san wa ke yawo a lokacin da bai kamata ba, da inda ruwa ke kwanciya, da ƙarfe nawa faba-faba ta farko ke wucewa da sauran wurin zama. Sai dai ba ya ba da ilminsa ga mai tsayuwa; sai ka zauna, ka sa an soya maka ƙwai biyu, ya yanka burodi, ya ɗaga kofi sama yana sheƙa shayi, sannan ba tare da ya dube ka ba ya ce, "Gidan Alhaji mai shuɗiyar ƙofa? Ɗakin kusurwa zai ba ka, yana yoyo. Ka ce na tsakiya kake so. Kada ka bi ta bayan makaranta in dare ya yi, ka zagayo ta nan. In kuma takwas kake shiga aiki, shida da rabi ta same ka a bakin kwalta. Madara za a sa, ko baƙi?"