Ana Nan Ana Shawara

A Bazaga ba a kallon idon babba a ce masa "ba na so". Sai dai a yi ta kewaye har shi da kansa ya gaji.

Bara wani Alhaji mai sayen albasar Galmi ya kira ni shagonsa a Ƙonni, ya sa aka kawo min shayi mai kauri, ya ce yana so in riƙe masa littafin lissafi. Albashi jikka goma sha biyar a wata, wai abincin rana a kansa. Na duba, kuɗin kabu-kabu kaɗai zai cinye su. Na sunkuyar da kai na ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, bari in ji ta bakin Baba."

Ashe da Baba suka yi makarantar allo. Washegari sai ga shi a ƙofar gida da goro.

Na fake da damina, ya ce zai jira kaka. Gero ya shiga rumbu, na ce ina istihara. Ƙanena da ke karatu a Yamai ya ce in rubuta wa Alhaji takardar godiya da Faransanci, layi uku, haka ma'aikata ke yi. To wa zai karanta masa? Ni ne dai.

A ƙarshe na kai masa ɗan gwaggona, na rantse ya fi ni lissafi, kuma gaskiya ne. Ya ɗauke shi. Amma har yau in muka haɗu sai ya ce, "Yaro, ina aka kwana da shawara?" Ni kuma in ce, "Ana nan ana yi, Alhaji."