Kura da Shan Bugu

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, motata ta koma ma'aikaciyar wucin gadi. Tsohuwar Honda ce 'yar Kwatano, otomatik, wadda ta ga jiya ta ga yau. Dokar da na kafa mata ita ce, da an sauko daga masallacin Juma'a ta shige rumfa, ba ita ba titi sai safiyar Litinin. Biki da suna da gaisuwar mutuwa duk na danƙa su a hannun Adaidaita Sahu.

Wata Litinin, 'yan kwanaki bayan Babbar Sallah, na loda yara za mu makaranta, na yi bisimilla na murɗa makulli. Ƙas-ƙas-ƙas. Na sake murɗawa, wannan karon da ƙarfi, ko za ta gane ba wasa na fito ba. Ta ce ƙas guda ɗaya, ta ja bakinta ta tsuke.

A unguwarmu ba a barin mutum shi kaɗai da matacciyar mota. Kafin in ɗaga bonet an kafa kwamiti, kuma shugabancinsa bai wuce maƙwabcina ba, dattijon da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan tirela tsakanin Kano da Legas. Ko kallon injin bai yi ba ya ce, "Ku tura!" Ya kame a bayan sitiyari, samarin majalisa suka sa hannu. Muka wuce mai ƙosai, muka wuce masallaci, muka gangara har bakin titi, ina biye da gudu, babbar riga na tashi. Can sai ga kansa ta taga.

"Malam, wai ina kulocin motar nan yake?"

"Baba, ai otomatik ce, ba ta tashi da turi."

"To me ya hana ka faɗa?"

Na faɗa tun a ƙofar gida, sai dai maganar mai ƙaramar mota ba ta da nauyi a gaban direban tirela. Hanyar komawa kuwa hawa ce, kuma a daidai lokacin ne kowane saurayi ya tuna an aike shi.

Daga nan aka shiga ba da magani. Wani ya ɗauko dutse ya ƙwanƙwasa kan batirin, wai ya farka. Wani ya ce a zuba masa Coca-Cola ta cinye farin garin da ya taru a kai, aka sayo da kuɗina, ya zuba rabi ya shanye rabi. Wani ya rantse da ƙwayar asfirin a kowane rami, aka duba aka ga batirin rufaffe ne, ba shi da rami ko ɗaya, sai mai shawarar ya haɗiye ƙwayar, ya ce dama kansa na sarawa. Ƙarshe dai Baba ya yanke hukunci: batir ya mutu. Hujjarsa kuma ba ta da makusa. Zafin Kano a watan Afrilu yakan haura digiri 40, ga na inji a kai, kuma zafi ne ke ƙone ruwan batir ya cinye farantan dalmar da ke ciki. "Batirin da ya shekara 3 a garin nan," in ji shi, "ya gama biyan bashinsa."

Na nufi Ƙofar Ruwa. Ina shiga kasuwar aka ɗaga mini daraja daga Malam zuwa Alhaji, ba tare da na taka jirgi ba. Mai shago ya tambaye ni amfiya nawa nake so, 60 ko 75, kuma jan kai a dama ko a hagu, domin in ka sayi wanda kansa ya saɓa, wayar motarka ba za ta kai ba. Na nuna masa hoton tsohon a waya, ya miƙo mini mai 60, ya faɗi kuɗi. Sai da na nemi kujera. Tsohon kuwa da yamma wani ɗan gwangwan ya ɗora shi a sikeli, ya ba ni abin da bai kai cefanen kwana biyu ba, ya wuce da shi a baro.

Ɗaurin sabon batir ƙanin matata ne ya karɓa. Ya ce, "Yaya, kar ka ba kowa ko sisi, na kalli yadda ake yi a YouTube." Ƙa'idar abin ba ta da tsawo. Baƙar waya ake fara cirewa, ita kuma ake mayarwa a ƙarshe, saboda duk ƙarfen jikin mota a haɗe yake da ita. Muddin tana ɗaure, sifanar da ke kan jan kai ta kuskura ta taɓa jikin mota, to wuta ta sami gajeriyar hanya. Da alama bidiyon nasa daga ƙarshe ya fara kallo. Ya ɗaure baƙa tam, ya sunkuya kan ja da sifana mai lamba 10, ya juya ta da gwaninta.

Fau!

Ban san ƙanin matata na iya tsalle haka ba. Sifana ta yi gabas, shi ya yi yamma, ƙaurin gashi ya cika rumfar. Gefen gemunsa na hagu ya ragu sosai. Baba, da ke tsaye da butar alwala, bai ce uffan ba. Ya tsiyayi ruwa a tafin hannu ya shafa wa nasa gemun.

Da ikon Allah mota ta tashi da murɗa ɗaya. Rediyo ce kawai ta yi yaji. Da an yanke mata wuta sai ta kulle kanta, ta ce a ba ta lambar sirri, lambar da ke hannun wani Bature da bai san ma akwai unguwarmu a duniya ba. Na haƙura da labaran safe, na koma sauraron faɗan yara. Mako ya wuce lafiya lau, na riƙa tafiya ina ɗaga wa mutane hannu.

Litinin ta zagayo. Ƙas-ƙas-ƙas.

A nan ne na ga yadda laifi ke yawo. Mai shago ya ce kayansa garau ne, altanaita ce ba ta caji. Wanda na kai wa altanaita ya ce kik ne ke jan wuta fiye da ƙima. Mai gyaran kik ya ce ƙwaƙwalwar mota ce, ya faɗi kuɗinta, na yi masa sallama ba tare da na jira amsa ba. Gwaggona ta zo da nata binciken: bakin mutane ne, tun ranar da na riƙa ɗaga hannu. Ta sa aka yi sadakar waina, ta tofa addu'a a ruwa ta ce a yayyafa wa inji. Uwargida kuma ta tambaya, cikin ladabi, ko nawa ake sayar da babur yanzu.

Wani abokin aiki ne ya kai ni wurin wani dattijo mai wayarin, a ƙarƙashin wata darbejiya. Bai tambaye ni ra'ayina ba, wanda hakan ya ɗan sosa mini rai, don na zo da ra'ayoyi huɗu. Ya sa aka yi wa batirin caji, sannan ya ɗauko mita. Mota a kashe, ta nuna bolt 12.6. Ya ce gida shida ne a cikin batir, kowanne na ba da 2.1, don haka wannan lafiyarsa ƙalau. Ya ce in tayar, mita ta hau 14.2. "Altanaita ma an yi mata ƙazafi," in ji shi. "Duk abin da ke tsakanin 13.8 da 14.4 caji ne mai kyau."

Ya kashe mota, ya zare makulli, ya rufe ƙofofi, ya cire baƙar waya ya saka mitar tsakaninta da kan batir. Motar da ke barci, in ji shi, bai kamata ta ja abin da ya wuce 0.05 na amfiya ba, ɗan abin da agogo da ƙwaƙwalwa ke lasa. Tawa tana jan 0.8.

"Yallaɓai, ɓarawonka a cikin gida yake kwana."

Ya buɗe akwatin fiyus ya shiga zare su ɗaya bayan ɗaya, idonsa a kan mita. Da ya zare na fitilun ciki, lamba ta faɗo. Muka leƙa, fitilar rufi a kashe, ta ƙofa a kashe. Ya yi shiru yana susar ƙeya, sannan ya mayar da fiyus ɗin, ya ƙwala wa ƙaramin yaronsa kira.

"Kai, shiga but."

Yaron ya naɗe ƙafa ya shige, aka rufe. Nan take muka ji murya daga ciki.

"Oga, akwai wuta! Har ina ganin kashin rago!"

Sai komai ya dawo mini. Ana jajiberin Sallah na ɗauko ragon layya a but ɗin nan, ya yi ta harbi tun daga kasuwa har gida. Ashe ya lanƙwasa ɗan makunnin da ke jikin sakatar, wanda ke kashe ƙwan idan an rufe. Dattijon ya zaro ƙwan, mai wat 10, ya yi mini lissafi da yatsa a kan ƙurar gilashi: yana shan kusan amfiya 20 a kwana guda, kwana uku ya lashe 60 ɗin gaba ɗaya. A ranakun aiki altanaita na mayar da abin da aka sata, daga Juma'a zuwa Litinin kuwa ba mai mayarwa. A unguwar da muke kwanaki ba mu ga ƙyallin lantarki ba, but ɗin motata ne kaɗai ke da wuta dare da rana, kuma ba mai morarta sai tsohuwar taya. Ba na jin Gaston Planté, Bafaranshen da ya ƙirƙiro batirin dalma da asid a 1859, ya taɓa sa rago a lissafinsa.

Gyaran bai wuce miƙe makunnin da filaya ba. Kuɗin aikin bai kai na wainar Gwaggo ba.

A hanyar gida na tsaya wurin mai cajin waya na bakin layinmu. Fanka na kaɗa shi, rediyo na kiɗa, ƙwai biyu na haske. Na leƙa ƙarƙashin teburinsa, sai ga tsohon batirina, da tabon dutse a kansa. Ya ce a hannun ɗan gwangwan ya saya, bai taɓa samun mai riƙe caji irinsa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da dare na tara iyali na karanta musu sakamakon bincike, na ce wannan asara ba za ta tafi a banza ba, sai an hukunta mai laifi. Uwargida ba ta yi musu ba. Ta shiga ɗaki ta fito da robar soyayyen naman Sallah, ta dire a gabana.

"Ga abin da ya rage na wanda ake tuhuma, Malam. Da yaji za a yanke masa hukuncin, ko haka nan?"

Ƙanin matata ya nemi a ba shi kaso biyu, a matsayin diyyar gemu. Kotu ta amince.