Yadda Janar Ya Ƙwace Mini Fanka

Basakkwace ba ya yarda a koya masa zafi. Mu da ma'auni ke haura 42 a watan Afrilu muna cikin kasuwa muna ciniki, in aka ce mana wani gari na da zafi, murmushi kawai muke yi. Da wannan taƙamar na sauka Fatakwal bautar ƙasa, garin da zafinsa da ƙyar yake wuce 33. Ashe a can gumi ba ya bushewa. Ka yi wanka ka goge jiki, kafin ka gama sa riga kana bukatar wani wankan.

Na kama ɗaki a bayan gidan wani ɗan kwangila da muke kira Oga, kuma a gidan akwai Janar. Kare ne irin na Afirka ta Kudu da ake kira Boerboel, wanda Turawan ƙasar manoma suka raina don gadin gona. Gashinsa gajere ne, ja-ja, kansa ƙato, nauyinsa kilo 70, wato ya fi ni ko da na sa takalmin kaki. Wanda ya sayar wa Oga shi ya rantse masa cewa karen ɗan Afirka ne, ga gajeren gashi, don haka zafi ba ya damunsa. Sai ka ce Afirka unguwa guda ce. Johannesburg na kan tudu mai tsayin sama da mita 1,700, iskarta busasshiya, har raɓa kan daskare a can lokacin sanyi. Fatakwal kuwa a bakin ruwa take, ruwan saman da ke zuba mata a shekara ya haura milimita 2,000.

Istar 2024 ta faɗo cikin azumi. Oga ya tattara iyalinsa za su ƙauye, ya kira ni gefe.

"Malam, ka kula mini da Janar, na yafe maka hayar wata guda."

Alawinmu a lokacin naira 33,000 ne, litar fetur ta haura 600 tun da aka cire tallafi. Ban yi ko shawara da zuciyata ba na ce to. Ya miƙo mini buhun abincin kare, da 'yar jarkar mai ta janareta, da lambar likitan dabbobi, ya ja mota.

Wuta ta tafi ta ƙi dawowa, man jarka ya ƙare. Ranar da abin ya faru, bayan azahar, hadari ya haɗu ya tsaya cak, ba ruwa ba iska. Ina kwance a gaban fankata mai caji, wadda na yi wata biyu ina tara kuɗinta, sai na ji wani gurnani daga kejin Janar. Kejin rufin kwano ne, rana ta dake shi tun safe. Na tarar da gogan a shimfiɗe, harshe waje har ƙasa, yawu mai yauƙi na zuba, dasashinsa ya yi ja wur. Ya yunƙura zai tashi, ƙafafun baya suka ƙi. Nan take na fara lissafin shekarun da zan yi ina biyan kuɗin kare da alawi.

Na kira likitan, cikin ikon Allah, Bazazzagi ne.

"Kofa, fito da shi daga kwanon nan yanzu. Ina ya fi sanyi a gidan?"

"Likita, babban gida a kulle yake. Sai ɗakina."

"To kai shi ɗakinka."

"Likita, ina azumi fa."

"Ai ban ce ka cinye shi ba. Kana da ruwan sanyi?"

Ina da shi. Kula guda ce cike da ruwa da ƙanƙarar da na tako har bakin titi na saya, na ajiye don buɗa-baki, tun safe ina zagaya ta ina kallo. Ita na kwarara wa Janar a ciki da hammata da tsakanin cinyoyi da tafin ƙafa, ina ji kamar in yi kuka. Likita ya ce kada in lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, don zai riƙe zafin ne, in juya masa fanka kawai, in ba shi ruwa kaɗan-kaɗan in ya nema.

Yana kan layi yana yi mini karatu. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, sai ɗan abin da ba a rasa ba a tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafi: iska ta bi ta kan jiƙaƙƙen harshe da hanci da maƙogwaro, danshin ya bushe ya tafi da zafin jini. Karen da ke numfashi sau talatin a minti in yana hutawa, yana iya kai ɗari uku in zafi ya matsa masa. Jikinsa kan tsaya tsakanin 38 da 39, in ya haura 41 kuwa ƙoda da ƙwaƙwalwa sun shiga haɗari.

"Kun san randa a Sakkwato, ko? Me ke sanyaya ruwanta?"

"Tsatsafowar da take yi, iska na busarwa."

"To kawo ta nan, inda danshin iska ya haura kashi 80 cikin ɗari, ka ga ko za ta yi sanyin da ka sani. Harshen karen nan shi ne randarsa. Gajeren gashi taimako ne, amma ba ya busar da komai. Ga shi da tulin nama da ke haifar da zafi, ga hancin ba tsawo."

Cajin fanka ya fara sanyi, na ɗauki murfin kula ina ƙara masa da fifita. A daidai nan waya ta yi ƙara, kiran bidiyo daga gida, ƙanwata ta haɗa ni da Inna. Hannuna jiƙe, wayar ta zame ta juya, ta haska Janar kwance male-male a tsakar ɗakina, ni kuma a durƙushe a gefensa ina fifita.

"Kai, mi kaka yi haka?"

"Inna, aiki ne."

"Wagga ita ce bautar ƙasar? Mahaifinka har ya koma ga Allah ban ga ka yi mishi fifita ba."

Na yi buɗa-baki da ruwan famfo mai ɗumi. Janar ya farfaɗo kafin isha'i, ya sha ruwa, ya yi miƙa, ya dubi ɗakin, ya ga ya yi masa. Daga ranar, da rana ta ɗaga zai zo ya tura ƙofa da kai, ya kwanta kan tayil a gaban fanka. In na juya ta wajena, ba ya haushi, ido ɗaya kawai yake buɗewa, ni da kaina nake mayar masa. Na kai ƙara wurin limamin masallacin 'yan Arewa kan yawun da ke bin kayana. Ya ce a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa, sai dai a wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai. Na so ya ce haramun ne in sami hujja, malam bai taimake ni ba.

Da likita ya zo duba shi, ya gano wasu ƙuraje a cikinsa, ya shafa musu basilin, ya matsa, sai ga tsutsotsi farare suna fitowa. Ƙudan tumbu ne, wanda ke yin ƙwai a ƙasa da kan shanya, kuma gajeren gashi ba ya kare fata daga gare shi. Ya ce ni ma in riƙa guge kayana kafin in sa, har da na ciki, a gidan da ba wuta. Ya kafa mana doka: yawo sai da asuba ko bayan magariba, kuma in ɗora bayan hannuna kan kwalta tukuna, in ban iya jurewa ba to tafin Janar ma ba zai iya ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne karen maƙwabta, ɗan gida, siriri, mai tsayayyun kunnuwa da naɗaɗɗiyar jela, wanda ba a taɓa kashe masa ko sisi ba. Ƙirarsa irin ta Basenji ce na dazukan Kwango, mai kilo goma ko sha ɗaya: jiki kaɗan, ƙafa doguwa, dogon hanci. Da rana sai ya tona rami a ƙarƙashin wata matacciyar mota ya kwanta, ba ya ko motsi sai la'asar ta yi sanyi. Daren da ɓarawo ya hauro katanga ya kwashe mini kaki daga igiya, shi ne ya tashi unguwa da haushi. Janar yana gaban fanka, bai ga dalilin ɓata numfashinsa ba.

Oga ya dawo bayan Ista, ya shafa karensa, ya ce har ƙiba ya yi. Na ba shi labari tiryan-tiryan, har da kakin. Ya jinjina kai, ya ce lalle Janar ya yi sanyi da gadi, shi ya sa ya riga ya biya kuɗin wani. Ya buɗe waya ya nuna mini hoto: wani dodo mai gashi buzu-buzu, irin karnukan makiyayan duwatsun Kokeshiya da ke kwana cikin dusar ƙanƙara.

"Mako mai zuwa zai iso. Malam, fankar nan taka, nawa ake sayar da babbarta?"